Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Ƙofa 80: Tarihin Buɗe Ƙofa a Intanet

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Wani ɗan'uwa mai shago a Kurmi ne ya turo min tambaya. Ya ce ya sa kyamara a shagonsa, idan yana cikin shagon yana kallonta a waya lafiya lau, amma da ya isa gida sai ta ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce masa sai an "buɗe fot". An buɗe, shiru. Ya ce shin cutarsa aka yi ne?

Malam, wataƙila babu wanda ya cuce ka. Amma amsar tana da tarihi, kuma ni kaina na taɓa yin ɓarna da wannan abu, ɓarnar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. To ku gyara zama.

Bari mu fara daga gida. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Sarakunan baya suka ci gaba, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda a zamaninsa ne aka kafa kasuwar Kurmi. Lokacin da Bature Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya ƙirga ƙofofi 15, na katako da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Kowace ƙofa da sarkin ƙofarta, kowace kuma da hanyar da take kallo. Mai zuwa daga Katsina da ƙofarsa, mai zuwa daga Zazzau da tasa. Gari ɗaya, suna ɗaya, amma mashiga da yawa, kuma kowace mashiga akwai mai tambayarka daga ina, zuwa ina.

Ku riƙe wannan hoton, za mu dawo kansa.

A watan Satumba na 1981, a Amurka, wani masani mai suna Jon Postel ya fitar da takardun da suka tsara yadda kwamfutoci za su riƙa magana da juna. Ranar 1 ga Janairu 1983 aka koma kan wannan tsari, kuma a kansa intanet take tafiya har gobe. Abu biyu ya shafe mu a ciki. Na farko adireshi, wato lambar IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Wannan shi ne sunan gari. Na biyu fot, wanda ni zan riƙa kiransa ƙofa. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi daga 0 zuwa 65535. Ba ƙofar da ake gani da ido ba ce, lamba ce kawai da ake liƙa wa saƙo don kwamfuta ta san wace manhaja za ta miƙa wa. Shafin yanar gizo ƙofa 80 yake bi, in mai tsaro ne 443. Wasiƙar imel tsakanin manyan kwamfutoci ƙofa 25. Hoton kyamara galibi 554. Ƙofa 22 kuwa wani ɗan ƙasar Finlan ne, Tatu Ylönen, ya rubuta wasiƙa ya roƙa a 1995 don manhajarsa ta SSH, aka ba shi. Haka abin yake da sauƙi a wancan zamani.

A tsarin asali, kowace kwamfuta a duniya tana da adireshinta na kanta, kowa yana iya ƙwanƙwasa wa kowa. Adireshin gaba ɗaya 4,294,967,296 ne. A 1981 wannan adadi ya yi kama da abin da ba zai ƙare ba, shi ya sa aka yi ta rabo da buhu. Kamfanin Apple shi kaɗai an ba shi sama da miliyan 16. Kamfanin motoci na Ford ma haka. Mu a nan, a lokacin, ko wayar tarho ta gida sai gidan wane da wane.

Da aka shiga shekarun 1990 sai hankalin masana ya tashi, don sun hango adireshin zai ƙare. A watan Mayu 1994 wasu mutum biyu, Kjeld Egevang da Paul Francis, suka rubuta wata dabara da ake kira NAT. A wannan shekarar kuma aka ware wasu adireshi na cikin gida, waɗanda kowa zai iya amfani da su a gidansa ba tare da ya nemi izini ba: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Duba wayarka in tana kan wayifai, da wuya ka ga ba ɗaya daga cikinsu ba.

Yaya NAT yake aiki? Duk wanda kakansa ya yi fatauci ya san fatoma. Baƙo ya taho daga Agadas ko Gwanja, ba shi da gida a birni, ba wanda ya san shi a Kurmi. Sai ya sauka a gidan fatoma. Duk cinikin da zai yi, da sunan maigidan za a yi. Kasuwa maigidan ta sani. In an kawo kuɗi ko saƙo, gidansa za a kawo, shi ne ya san wannan na baƙon ɗakin kudu ne, wancan na mai raƙuman nan ne. To haka rauta take yi. Kwamfuta goma a ciki, adireshi ɗaya a waje. Duk wadda ta aika saƙo, rauta za ta cire adireshin cikin gida ta sa nata, ta rubuta a littafinta, in amsa ta dawo ta duba littafi ta miƙa wa mai ita.

Amma akwai matsala. Idan baƙo ne daga waje ya zo ya yi sallama, ba wanda ya aika aka kira shi fa? Rauta za ta duba littafi ta ga babu sunansa, ba ta san ɗakin da za ta kai shi ba, sai ta yar da saƙon. Wannan shi ya sa kyamarar ɗan'uwanmu take buɗewa a cikin shago, ta ƙi buɗewa daga gida.

Maganin da aka samo shi ne abin da masu gyara ke kira fot-fowadin, ni kuma nake kiransa miƙa ƙofa. Kamar ka ajiye yaro a zaure ne ka ce masa, duk wanda ya zo neman tela, kada ka tsaya tambaya, kai shi ɗakin dama. Wato ka gaya wa rauta cewa duk saƙon da ya shigo ta ƙofa kaza, ta wuce da shi kai tsaye zuwa kwamfuta kaza ta cikin gida.

Ni na fara sanin wannan abu a 2004, a wani shagon intanet a cikin birni, inda nake yaron shago bayan na gama sakandare. Ku da kuka taso da data a aljihu ba za ku gane ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agusta 2001, amma ta kira ce da tes. Mai son intanet sai ya zo kafe ya sayi awa. Masu duba Yahoo, masu cike fom ɗin cacar bizar Amurka, ɗalibai, 'yan kasuwa masu jiran saƙo daga Dubai. Faifan dish ɗaya ne a kan rufi yana kallon tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita kusan 36,000, shi ya sa kowane saƙo sai ya ci sama da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Adireshinmu na waje guda ɗaya tak, kwamfutoci goma sha huɗu.

A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Ita ce saba, wadda a Hausar littafi ake cewa uwar garke. Kati biyu gare ta, kebul ɗaya ya tafi wajen dish, ɗaya ya shiga akwatin da ya rarraba wa sauran. Linux ce a kanta, kuma manhajar da ke tsaron ƙofofinta ita ce iptables, wadda ta fito daga aikin da wani ɗan Ostireliya, Rusty Russell, ya fara, ta zo da Linux 2.4 a 2001. Wani ɗalibin jami'a ne yake zuwa yana duba mana ita, ni kuma ina tsaye a bayansa ina kallo, ina rubutawa a bayan littafin rasit.

Rannan maigida zai tafi Legas sayen kaya, ya ce yana so ya riƙa ganin kwamfutar kashiya daga can, don ya san cinikin rana. Ɗalibin nan ya yi tafiya. Na ce zan iya. Windows XP tana da hanyar shiga daga nesa ta ƙofa 3389. Na rubuta wa saba doka cewa duk abin da ya shigo ta 3389 ta miƙa wa 192.168.0.10. Na gwada daga wani kafe, ya ƙi. Kwana biyu ina fama. Ashe abu uku ne sai sun haɗu. Dole a canza adireshin da ke kan saƙon ya koma na kwamfutar ciki. Dole a ba saba izinin wucewa da saƙo daga wannan kati zuwa wancan, don katangar tsaronta tana tare komai. Sannan dole kwamfutar ciki ta san cewa ta hanyar saba za ta mayar da amsa, in ba haka ba baƙo ya shiga, amsa ta ɓata a hanya. Ni na farkon kawai na yi.

Da na gyara sai ya yi aiki. Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarkin ƙofa. Bayan kwana uku aka ɗauke wuta, aka tada janareta, kwamfutoci suka sake karɓar adireshi, kwamfutar kashiya ta koma 192.168.0.13, wata ta karɓi 10. Maigida ya shiga daga Legas ya tarar da kansa a bakin kwamfutar da kwastomomi ke haya. Daga nan na koyi cewa duk kwamfutar da za a miƙa wa ƙofa sai an kafe mata adireshi wanda ba ya canzawa. Wannan kuskure dariya aka yi aka wuce. Na gaba ba a yi dariya ba.

Kun san abin da Kano ta gani daga 20 ga Janairu 2012, har zuwa harin babban masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014. Hankali bai kwanta ba, masu hali suka shiga sa kyamara a gida da shago. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya kira ni ya ce in sa masa. Gida ne irin na cikin birni, zaure biyu kafin ka kai tsakar gida. Na sa ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a zaure, ɗaya mai juya kai a saman katanga, tana ganin lungu ta baya, in ta juyo kuma tana ganin tsakar gida. Kawu yana yawan tafiya Umara, yana so ya riƙa leƙowa daga can. Muna da layin intanet mai adireshin waje. Na miƙa ƙofa 80 da 554 zuwa na'urar kyamarorin. Sunan shiga da kalmar sirri kuwa na bar su yadda suka zo daga kamfani, na ce zan dawo in canza. Ban dawo ba.

Bayan 'yan watanni Hajiya, uwargidan Kawu, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan abin naku na kan katanga, shi yake juya kansa? Jiya da daddare muna zaune da yara ya waiwayo ya tsaya a kanmu. Na tambayi Alhaji ya ce shi bai taɓa waya ba."

Gabana ya faɗi. Na buɗe na'urar na duba jerin waɗanda suka shiga. Adireshi ne rututu, babu na Kawu, babu nawa, wasu ma ba na ƙasar nan ba. Mutanen da ba mu sani ba sun yi ta kallon tsakar gidan da matan aure da 'yanmata ke zaune ba mayafi, suna girki, suna kitso. Na cire kebul ɗin da hannuna yana rawa.

Da Kawu ya dawo daga masallaci na durƙusa na ce, "Kawu, a gafarce ni, laifina ne." Na yi masa bayani. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ba ya wuce zaure na biyu sai ya yi sallama an ba shi izini, kai ka kwaso min mutanen duniya har gaban murhu?" Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka sauke kyamarar katangar a ranar, kuma sai da aka shekara kafin ya sake ba ni wani aiki.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ba sai wani yana da gaba da kai zai gano ƙofarka ba. Tun 2009 akwai shafin Shodan, wanda aikinsa shi ne tattara jerin na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe a duniya. A 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka fitar da ZMap, manhajar da ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan adireshin duniya cikin ƙasa da awa guda. A 2016 ƙwayar cutar Mirai ta riƙa bin ƙofa 23 tana gwada kalmomin sirri na kamfani wajen sittin, ta kama kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa, ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da su aka kai harin da ya hana mutane shiga Twitter da Netflix a sassan Amurka. Ranar 12 ga Mayu 2017 WannaCry ta bi ta ƙofa 445, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kanawa sun san wannan tun kafin kwamfuta. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka iso Kano. Ganuwa ba ta faɗi ba, kaurinta ya fi ƙarfin igwarsu. Ƙofa suka nema, suka shigo ta Kabuga, kuma kafin rana ta faɗi gari ya tafi.

Wani abin mamaki, ranar 3 ga Fabrairu ce kuma, amma a 2011, hukumar IANA mai rabon adireshi ta duniya ta raba buhuna biyar na ƙarshe da suka rage, ɗaya ga kowace shiyya. Afirka, ta hannun AFRINIC mai hedikwata a Moris, wadda sai a 2005 ta samu cikakkiyar amincewa, ta karɓi mai farawa da 102. Shi ya sa za ku ga adireshinmu galibi yana farawa da 41, ko 102, ko 105, ko 197. Mun iso kasuwa ana kwashe kaya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, adireshi bai isa a ba kowace waya nata ba.

Sai kamfanonin waya suka yi wa fatoma fatoma. Wato suka kafa wani ƙaton NAT nasu a can sama, wanda ake kira CGNAT, kuma a Afrilu 2012 aka ware masa adireshi masu farawa da 100.64 zuwa 100.127. Rautarka ba ta fuskantar duniya kai tsaye, tana bayan wata ƙofa wadda mabuɗinta ba ya hannunka, kuma kai da mutane da yawa kuke amfani da adireshi ɗaya.

To ɗan'uwa mai shago a Kurmi, ga amsarka. Shiga rautarka ka duba adireshin da kamfani ya ba ta. Sannan ka tambayi Google adireshinka na waje. In sun bambanta, ko ka ga na rautar ya fara da 10 ko 100.64 zuwa sama, to ko ƙofa ɗari mai gyara ya buɗe ba za ta yi aiki ba. Ka buɗe ƙofar ɗakinka ne, ƙofar gari tana kulle.

Mafita tana nan. Kana iya neman layin da ke ba da adireshin waje, wanda yawanci na 'yan kasuwa ne kuma ya fi tsada. Kana iya amfani da manhajar kamfanin kyamarar, wadda ke sa kyamara ta fara kiran sabarsu daga ciki don a tsallake matsalar, amma ka sani ka ba wani kamfani a wata ƙasa amanar hoton shagonka. Hanyar da ni nake bi yanzu ita ce VPN na kaina, irin WireGuard da ya shiga Linux a 2020. Ana haya ƙaramar saba mai adireshin waje, shago ya kira ta, waya ta kira ta, su haɗu a can, kuma babu mai shiga sai mai mabuɗi. In kuwa dole sai ka miƙa ƙofa, ka miƙa guda ɗaya da kake buƙata, ka canza kalmar sirri kafin ka jona kebul, ka kashe UPnP da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, ka riƙa duba jerin masu shiga. Kuma don Allah, kyamarar da ke ganin cikin gida kada a haɗa ta da waje sam.

Akwai gyara na dindindin, wato IPv6, wanda aka tsara tun Disamba 1995, aka ƙaddamar da shi a duniya ranar 6 ga Yuni 2012. Adireshinsa ya isa kowace waya da kowace kyamara su samu nasu. Ku riƙa tambayar kamfanonin da kuke saya wa data yaushe zai iso gare ku. Dalilin da ya sa na damu shi ne, yaron da ke bayan CGNAT yana iya kallon abin da wasu suka ajiye, amma ba zai iya kafa saba a ɗakinsa ya ce duniya ta zo ta gani ba. Ni da tsohuwar kwamfuta a kusurwar shago na koyi sana'ar da nake ci da ita yau, saboda muna da ƙofa ɗaya da ke buɗewa ta ciki da waje. Kano ta zama Kano ne saboda fatake suna shigowa, ba fita kawai ake yi ba. Ina so ƙannenmu su samu irin wannan dama, tare da hankalin da ni ban yi ba a gidan Kawu.

Nan za mu dakata. Wanda ya duba rautarsa ya faɗa mana da wace lamba adireshinsa ya fara, lambar farko kawai, kada ku rubuta duka. A tura wa 'yan'uwa masu kyamara a gida. Kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.